Farillar da Kai Ɗaya Ba Ya Ɗauka

A watan Maris na shekarar 2010, lokacin da bazara ta fara kankama a ƙasar Zamfara, wasu ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF, waɗanda ke zagaya ƙauyuka domin sa ido a kan cutar sanƙarau, suka tarar da abin da ya ɗaure musu kai. A Dareta ta ƙasar Anka, da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum, da wasu ƙauyukan kewayensu, yara ƙanana, yawancinsu ba su cika shekara biyar ba, suna ta amai da jijjiga suna cikawa. An ba su maganin zazzaɓin cizon sauro, wanda shi hankali ya fara kawowa, bai tsinana komai ba. Sai da aka ɗebi jini aka aika da shi ɗakin gwaji a Turai sannan aka tabbata gubar dalma ce take cin su. Kafin a shawo kan musibar an rasa yara wajen 400, ban da dubban da gubar ta zauna a jikinsu.

Musabbabin abin kuwa yana nan a tsakar gida. Zinariya ta yi tsada a kasuwannin duniya a waɗancan shekaru, duwatsun yankin kuma suna ɗauke da ita, sai dai Allah cikin ikonSa Ya haɗa ta da dalma a dutse guda. Maza su haƙo, su ciko buhuna su kawo gida, a farfasa dutsen, a daka shi a turmi ko a niƙa shi a irin injin da ake niƙa hatsi, a wanke, a shanya. Ƙurar nan mai laushi kamar garin tuwo ta sauka a kan tabarma, da bakin randa, da dawar da aka baza a rana, da tafin hannun yaron da ke rarrafe, shi kuwa yaro duk abin da hannunsa ya taɓa bakinsa zai kai.

Abin da ya sa na ɗauko wannan labari mai ɗaci, alhali maganar ɗaliban jami'a nake son yi, shi ne yadda aka sha wuya kafin a haɗa maganin. Likita ya san ƙwayar da ke jan dalma daga jini, amma ya san kuma in an sallami yaro ya koma cikin ƙurar da ya baro, aikin banza aka yi. Masanin ƙasa da injiniya sun san sai an kankare saman ƙasar gida an kwashe, an zuba mai tsabta, amma ba su da ikon tsallaka zaure su shiga wurin matan aure sai maigida ya yarda, shi kuma maigida yana sauraron dagaci da liman. Wanda ya karanci tattalin arziki ya san ba a ce wa talakan da buhun dutse ya fi masa gonarsa kawo kuɗi ya bari kawai, ya bari. Wanda ya san yadda gwamnati take sakin kuɗi shi zai iya faɗa maka dalilin da ya sa garin Bagega ya jira har 2013 kafin a share shi, likitoci suna tsaye da magani a hannu ba su da damar farawa. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da gaskiya, kowanne ya san fanninsa, amma da kowa ya tsaya a ɗakinsa da gaskiyarsa, da maƙabarta ta ci gaba da cika.

A wasu jami'o'in ƙasashen waje, musamman a Amurka da Holan, akwai al'adar zaɓar haziƙan ɗalibai a ɗora musu wani ƙarin karatu a kan wanda sa'o'insu suke yi, sau da yawa kuma a haɗa su ƙungiya-ƙungiya, ɗan likitanci da ɗan shari'a da ɗan aikin injiniya da mai nazarin zaman jama'a, a damƙa musu matsala ɗaya daga cikin matsalolin al'umma, a ce su yi bahasinta tare. A wurinmu kuwa abin da aka saba shi ne ɗalibin shekarar ƙarshe ya rubuta furojet shi kaɗai, a sashensa, ƙarƙashin malami ɗaya. Na taɓa shiga wani ɗaki a wata jami'a na ga irin waɗannan kundaye jere a kanta tun daga ƙasa har rufi, an yi musu bango mai kauri da rubutun ruwan zinariya, ƙura ta lulluɓe su. Na jawo ɗaya, na ga bincike ne a kan rijiyoyin wata unguwa, na tabbata yaron ya sha rana ya yi gumi, na kuma tabbata ɗalibin asibitin koyarwa da ke duba masu gudawa daga wannan unguwa bai taɓa jin labarin kundin ba. Tun daga ranar nake juya wannan mas'ala a zuciyata: shin haɗuwar masu fannoni a kan matsala guda ado ne na zamani, wanda za a iya ɗauka a iya bari, ko kuwa wani wajibi ne da shari'a da hankali suka ɗora mana muka yi sakaci da shi?

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya buɗe littafinsa Ihya'u da babin ilimi, inda ya raba shi zuwa wanda yake farilla a kan kowane mutum a karan kansa, da wanda yake faralu kifaya, wato in wasu suka tsaya da shi an ɗauke wa saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. A kashi na biyu ya sanya likitanci, da lissafi saboda ciniki da rabon gado, har ma da tushen sana'o'i irin su noma da saƙa. Ya kuma koka a kan garuruwan zamaninsa da ba su da likita Musulmi ko ɗaya, alhali ɗalibai sun yi cincirindo a kan fiƙihu saboda shi ke kai mutum ga alƙalanci da riƙon wakafi. Mun daɗe muna karanta wannan babi a zaure, muna fahimtarsa da cewa in gari ya samu likita ɗaya da mai lissafi ɗaya, shi ke nan an fita. Ni a ganina wannan fahimta ta gaza. Malaman usulu sun bayyana cewa abin da shari'a take nufi da faralu kifaya shi ne aikin ya tabbata, ba tare da duban wanda ya yi shi ba. Sun kuma kafa ƙa'idar cewa duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi. Ɗauki jana'iza, wadda ita ce misalin da kowa ya sani. A ce gari yana da mai wanka, da mai ɗinka likkafani, da mai haƙa kabari, da liman, kowanne gwani ne, amma kowa yana zaune a gidansa ba wanda ya aika wa wani. Rana ta faɗi gawa tana kwance a ɗaki. Wa zai ce mutanen wannan gari sun sauke farilla don kawai suna da gwanaye? Tsare rai yana cikin larurori biyar da malamai irin su Shaɗibi suka ce shari'a ta zo ta kiyaye, tare da addini da hankali da zuriya da dukiya. In kuwa ran yaron Dareta ba ya tsira sai likita da masanin ƙasa da liman sun zauna a tabarma ɗaya, to zaman nan shi kansa ya shiga cikin farillar, koyon yadda ake zaman kuma ya zama ilimin da dole wasu daga cikinmu su nema.

Na san akwai masu inkari, kuma hujjarsu ba abar rainawa ba ce. Suna cewa yaron da bai gama ƙoshi da fanninsa ba, in aka tura shi yana leƙa fannonin wasu, zai tashi ya san suna-sunan abubuwa da yawa bai san haƙiƙar ko ɗaya ba, ga baki ga rashin tushe. Gaskiya ne, na kuwa ga irinsu. Amma abin da ake nema ga ɗalibin kimiyyar sinadarai shi ne ya zo da awonsa daidai, wanda ba wanda zai iya a ƙungiyar sai shi, sannan ya iya fassara shi da harshen da ɗan shari'a zai gane. Wanda ya zo hannu rabbana ba abin da zai ƙara wa taron sai surutu. Magabatanmu sun kasance suna tara fannoni a ƙirji ɗaya: Muhammadu al-Kashinawi, mutumin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya shahara a ilimin lissafi da taurari bayan karatun addini, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi wallafa a kan magunguna, har da na ido da na basir, yana kuma riƙe da mulki da fatawa. Yau ilimi ya yi yawan da ƙirji ɗaya ba ya ɗauka, saboda haka abin da dā yake haɗuwa a zuciyar malami guda dole yanzu ya haɗu a tsakanin mutane, in ba haka ba ya zauna a warwatse.

Inkari na biyu ya fi damuna, shi ne cewa aikin taro yakan zama ba na kowa ba, rago ya ɓuya a bayan mai himma, in an yi kuskure a rasa wanda za a kama. Wannan ita ce cutar faralu kifaya tun asali, kowa ya dogara wani zai yi. Malamai kuwa sun rufe wannan ƙofa, domin sun ce in shugaba ya ayyana mutum ga aikin, ko ya kasance babu mai iya shi sai shi, to ya koma farilla a kansa shi kaɗai. Yarinyar da aka ɗora wa gwada ruwan rijiya, in ta rubuta adadin da ba ta auna ba, alhakin duk abin da aka gina a kan wannan adadi yana wuyanta, ko da sunaye shida ne a bangon kundin. Jami'ar da za ta yi wannan tsari sai ta samo hanyar ba da maki da za ta duba aikin taron ta kuma duba rabon kowa a cikinsa, abin da ba shi da sauƙi ga majalisun da suka saba auna ɗalibi shi kaɗai a kan kujerar jarrabawa.

Akwai wani amfani da nake ganin ya fi kundin da za su rubuta, shi ne abin da zaman zai yi wa zuciyarsu. Haziƙin ɗalibi, wanda tun firamare shi ke zuwa na ɗaya, ujubu ne babban abin da ake ji masa tsoro. An ruwaito cewa Imamu Malik, wanda mazhabarsa muke bi, sau da yawa in an yi masa tambaya yakan amsa da cewa bai sani ba, ga mutanen da suka yi tafiyar watanni domin su tambaye shi. Wannan ladabi ba a koyonsa a ajin da kowa ke karanta littafi ɗaya. Ana koyonsa ranar da ɗalibin fiƙihu ya yanke cewa rai yana gaba da dukiya, saboda haka a hana haƙar baki ɗaya, sai ɗan tattalin arziki ya nuna masa cewa hanin zai sa a koma niƙa a ɓoye cikin ɗaki, inda ƙurar ta fi kisa. Sai ya gane hukunci ba ya inganta sai an san surar abin da ake hukuntawa, ya dawo ya saurari injiniya yana bayanin fitar da niƙan bayan gari, da jiƙa dutse kafin a niƙa, da wanka da sake tufa kafin a shiga gida, waɗanda su ne irin matakan da aka koma kansu a Zamfara. Ana koyonsa kuma ranar da dukkansu, da takardunsu da na'urorinsu, suka zauna gaban matar da ke daka, ta faɗa musu inda take ajiye turmin da inda yaron yake wasa, abin da ba ya cikin littafin kowa. Amsoshinta da jinin ɗanta amana ne a hannunsu, ba su da hakkin su kwashe su tafi da su birni ba su dawo mata da bayani ba.

Jami'o'in da za su iya wannan suna nan kusa: ta Ahmadu Bello a Zariya tun 1962, ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato tun 1975, ta tarayya a Gusau tun 2013, kuma a manyan cikinsu tsangayar likitanci da ta shari'a da ta noma duk suna ƙarƙashin majalisa ɗaya. A 2015, shekara biyar bayan an san musabbabin cutar, an san maganinta, an rubuta rahotanninta, gubar dalma ta sake ɓulla ta hanyar haƙar zinariya a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. Tsakanin Anka da Rafi bai wuce tafiyar yini ɗaya a mota ba.