Mai Ƙarfi Ko Mai Haƙuri?

Idan kana son ka tayar da gardama a majalisar samari a Garwa, ba sai ka taɓo Coton Sport ko siyasar Yawunde ba. Tambaya ɗaya ta isa: tsakanin Switch da Steam Deck, wanne ya fi? Waɗanda suka ɗan manyanta, wato sa'o'ina, su kuma za su ja zancen baya zuwa PSP da DS, a yi ta yi da Hausa da Fillanci da Faransanci har ladan ya kira magariba. Dattawa in sun ji sai su girgiza kai, su ce yaran zamani sun rasa aikin yi. Ni kuwa ina ganin akwai abin dubawa a cikin wannan gardama, domin "wanne ya fi" ita ce tambayar da muke yi a kan babur, da waya, da irin shuka, har da mutanen da muke ba amana. Bambancin kawai shi ne, a fagen na'urorin gem na hannu an riga an yi gwajin sau da yawa, kuma sakamakon yana nan a rubuce.

A 1989 kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da Game Boy. Ko a wancan lokacin ba wani abin a zo a gani ba ne. Allonta ƙarami ne, babu launi sai wani kore-kore mai kama da ruwan kududdufi, kuma babu fitila a cikinsa, in duhu ya yi sai ka nemi haske. A shekarar Atari ya fitar da Lynx, shekara ta zagayo Sega ya fitar da Game Gear, duk biyun masu launi ne, masu allo mai haske. Da za a jera su uku a kan tabarma a kira yaro ya zaɓa, ba na jin hannunsa zai je kan Game Boy. Amma Game Gear tana cin batir shida, ta shanye su cikin awa uku zuwa biyar. Game Boy batir huɗu take ɗauka, ta yi awa goma sha biyar ko fiye tana aiki. A Amurka an sayar da Game Boy kimanin dala 90, Game Gear kuwa kimanin dala 150 (dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba). Da aka yi lissafi daga baya, Game Boy da ƙanwarta mai launi sun haura miliyan 118, Game Gear ba ta wuce miliyan goma da 'yan kai ba.

Mutumin da ya jagoranci ƙera Game Boy, Gunpei Yokoi, yana da wani ra'ayi da aka san shi da shi: a ɗauki fasahar da ta riga ta tsufa, ta yi araha, kowa ya san halinta, a nemo mata sabon amfani. Ya ƙi launi da gangan saboda batir da farashi. Wato ya yi tunanin yaron da zai riƙe abin a cikin mota ko a bayan aji, da uban da zai riƙa sayen batir, alhali abokan hamayyarsa suna tunanin yadda abin zai ƙayatar a kanti. Har akwai wata Game Boy da ta ƙone a wani harin bam lokacin yaƙin Tekun Fasha, jikinta ya narke ya yi baƙi, amma ta ci gaba da aiki, aka ajiye ta shekaru a shagon Nintendo na New York mutane suna kallo.

Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba, tunda mun san doki mun san jaki. Ranar hawan sallah babu wanda zai kalli dawakin Lamiɗo ya ce jaki ya fi su. Amma doki yana son dawa, yana son harawa da kanwa, yana son mai kula da shi safe da yamma. Wanda ya sayi doki bai gama biya ba, ranar ma ya fara. Jaki kuwa ya kai maka kaya kasuwa ya dawo, ya ci abin da ya samu. Saboda haka in aka ce doki ya fi jaki, gaskiya ne, amma rabin magana ce, sauran rabin yana cikin rumbun mai shi. Abin da nake so in ce ke nan game da na'urorin nan: ƙarfin da kake gani a jikin abu, akwai wanda zai ciyar da shi, kuma ba a yi wa mai saye adalci ba in aka nuna masa gudun ba a nuna masa cin ba.

A aikina na rediyo na ga wannan da idona. Wayar zamani ta fi ƙaramin rediyon Kacibo komai da komai. Amma manomin auduga a ƙauyukan Pitowa ko Gidar, wanda sai ya biya a yi masa caji, rediyon mai batir biyu shi ne abin da zai kai shi ƙarshen shiri. In na ce masa wayar ta fi, ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗa masa abin da zai amfane shi ba.

To mu zo kan na yau. Switch ta fito a 2017, Steam Deck ta kamfanin Valve a 2022. Steam Deck kwamfuta ce sukutum aka matse ta a tafin hannu, ta fi Switch ta farko ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma tana buɗe dubban wasannin kwamfuta. Amma tana da nauyi, ta haura rabin kilo, kuma shi kansa kamfanin ya ce cajinta awa biyu ne zuwa takwas, ya danganta da wasan. Sai kuma wani abu da masu kwatanta su a intanet ba su cika kawowa ba, domin bai shafe su ba. Kamfanonin biyu duk sun ce a yi amfani da na'urorinsu a wurin da zafi bai wuce maki 35 ba. Duk wanda ya yi watan Maris da Afrilu a Garwa ya san maki 40 ba baƙo ba ne a wurinmu, wani lokacin har ya ɗara. Ga kuma wuta. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar Lagdo da aka kammala a 1982, kuma idan ruwan Binuwai ya ja baya sai a koma rabon wuta unguwa-unguwa, a daidai lokacin da zafin ya fi tsanani. Mutumin da ya gwada na'urar a ɗaki mai sanyi a Turai ya ba ta maki tara cikin goma bai yaudari kowa ba. Ɗakinsa ya auna. Mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Wani zai ce mini, kuma yana da hujja: wannan maganar taka ita ce ake yi wa talaka kullum. A ba shi na baya, a ce masa shi ya fi dacewa da shi, da babu gara ba daɗi. Yau an ce ka haƙura da allo mara launi, gobe a ce ka haƙura da makaranta mara benci, tunda ita ta dace da yanayinka. Wannan tsoron na gaske ne, ban kuma raina shi ba. Akwai bambanci tsakanin mutum ya zaɓi abu mai sauƙi bayan ya auna, da a tura masa saura a sa masa sunan hikima. Yawancinmu da muka tashi a nan ba Game Boy muka riƙe ba, wannan 'yar robar ta Sin muka riƙe, mai rubutun 9999 a jiki, wadda in ka bincika wasanni 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa da sauri daban-daban. Ta faranta mana, amma ba zan ce zaɓi ba ne.

Amsata ita ce Game Boy ba a Garwa ta yi nasara ba. A Tokyo da New York ta yi, a hannun yaran da iyayensu ke iya sayen batir kwali-kwali. Ko mai kuɗi ba ya son abin da zai mutu masa a tsakiyar wasa. Kuma sauƙi shi kaɗai ba daraja ba ne. Shi wannan Yokoi ɗin ne ya jagoranci Virtual Boy a 1995, ita ma launi ɗaya, ja a kan baƙi, ta sa mutane ciwon kai da ciwon ido, ba ta ko kai miliyan ɗaya ba aka daina yin ta. Abin da ya ɗaga Game Boy shi ne an rage abin da mai wasa zai iya rayuwa babu shi, an bar masa abin da ya zo nema, wato wasa mai daɗi kamar Tetris da batirin da zai kai shi. Benci a makaranta ba ya cikin abin da ɗalibi zai iya yi babu shi. Launi a allon gem na 1989 yana ciki.

Labarin PSP da DS kuma ya ƙara rikita lissafin. Duk biyun a 2004 suka fito. DS mai allo biyu ta fi araha, ta fi riƙe caji, ta kuma sayar da kimanin miliyan 154, PSP ta Sony kimanin miliyan 80. A duniya DS ce ta ci. Amma a iya abin da na gani a Yelwa da Lopere da sauran unguwanninmu, PSP ce sarauniya. Tana buga ƙwallon ƙafa yadda ake so, tana nuna fim, tana sa waƙa, kuma, mu faɗi gaskiya, ana iya buɗe ta a zuba mata wasanni a memori ba tare da an sayi faifai ko ɗaya ba. Abin da kamfanin ke ɗauka rauni ne, shi ne ƙarfinta a kasuwarmu. Har yau ba ta mutu ba: tun da manhajar PPSSPP ta fito a 2012, wasanninta suka koma cikin wayoyin Android, samari suna tura wa juna.

Wannan halal ne? Ba na son in yi wa kaina sassauci a nan. Wasan nan mutane ne suka zauna shekaru suka yi shi, guminsu ne, kuma nisan da ke tsakaninmu da su bai goge haƙƙinsu ba. Ni da nake aikin murya na san zafin a ɗauki shirinka a yi ta yawo da shi ba a ko ambaci sunanka ba. Amma kuma faifan asali bai cika zuwa kasuwanninmu ba, in ya zo kuɗinsa ya isa cefanen gida na kwanaki, kuma saye ta intanet yana son katin banki da yawancin samarin nan ba su da shi. Ba na ce wannan ya wanke mu ba. Na dai ce wanda bai taɓa buɗe maka ƙofar shagonsa ba, ƙararsa a kanka ba ta kai ta wanda ya buɗe ka ƙi shiga ba.

Akwai kuma ma'aunin da ni a wurina ya fi duk waɗannan nauyi, kuma ban taɓa ganin an sa shi a jadawalin kwatanci ba: shin abin yana aruwa? A ƙasashen da ake ƙera na'urorin nan, ana ɗauka kowace na'ura ta mutum ɗaya ce. A gidajenmu ba haka ba ne. Gem ɗaya ya shiga gida, na yaran gidan ne duka da na maƙwabta, ana yi ana miƙawa, wanda ya faɗi ya ba na kusa da shi. Nan yaro yake fara koyon jiran layi, da riƙon amanar kayan wani, da yadda ake dawo da abu lafiya, da abin da ake yi in an fasa. Kaset ɗin Game Boy ko na Switch kana iya ba abokinka ya kwana biyu da shi, kana iya musanya, kana iya sayarwa in ka matsu, kana iya bar wa ƙanenka. Wasan da ka saya a Steam kuwa a ɗaure yake da asusunka. Akwai hanyar rabawa da 'yan gida, amma ba za ka kai shi kasuwa ka sayar ba, domin izinin wasa ka saya, ba wasan ba. Kuma shagon intanet yana iya rufewa: a watan Maris na 2023 Nintendo ya daina sayar da wasanni a shagonsa na 3DS.

Kada a ce na ɗauki ɓangare, Steam Deck tana da nata alherin a wani gefen. Valve ya yarda a sayar da kayan gyaranta a fili, a kuma wallafa yadda ake kwance ta, kuma duk wanda ya san masu gyaran waya na babbar kasuwar Garwa ya san in dai akwai kayan, za su tayar da ita. Switch kuwa ta yi ƙaurin suna da sandar sarrafawa mai tafiya da kanta ba a taɓa ta ba. Sannan Switch 2 da ta fito a watan Yuni na 2025 ta zo da wani sabon salo: wasu kaset ɗin nata babu wasan a ciki, makulli ne kawai, sai ka sauke wasan daga intanet kafin ya yi aiki. Ana iya ara wa aboki, amma shi ma sai ya sauke, kuma manyan wasanni suna cin gigabait masu yawa. Yaron da ke sayen data ta kwana ɗaya zai karɓi aron, ya sa a aljihu, ya dawo maka da shi bai buga ba.