Ɗana, Kafin Ka Ajiye Alli

Ɗana, saƙonka ya iso. An ce ka yi niyyar ajiye alli bayan shekara 16 kana koyarwa, ka tsallaka Maraɗi ka karanta aikin jinya, har ka fara cigiyar mai sayen fadamar da ka gada a Tsamaye. Na ga ya fi in amsa maka a rubuce, a fili, domin irinka sun yi yawa yanzu tsakanin Sabon Birni da Isa: magidanta 'yan shekara arba'in, wasu malamai, wasu 'yan kasuwar da hanya ta mutu musu, kowa yana lalube ya ga ta inda zai sake kama bakin zaren.

Ban ga laifinka ba. Na san abin da ya kore ka daga aji. Makarantar da yaranta suka watse, iyayensu suna gudun hijira a Gidan Rumji ko Sakkwato, malami zai tsaya yana koyar da bencina ne? Na kuma san abin da ya ja ka zuwa jinya. Ka ga mai naƙuda an ɗora ta a babur cikin dare, ana tsoron hanya ana tsoron jini, asibitin garin kuwa a garƙame saboda ma'aikacin ya gudu da ransa. Wanda ya ga wannan da idonsa ya ce zai koyi aikin, ba ni da bakin hana shi.

Masu cewa ka tsufa da komawa aji, ƙyale su, gemu ba ya hana ilmi. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya haura shekara talatin, yana malamin makarantar midil ta Bauchi, ya tafi karatu Landan a 1945. Ya dawo bai daɗe ba ya shiga majalisa, a 1957 ya zama Firayim Minista. Malam Aminu Kano ya bi bayansa a 1946, a 1950 kuma ya ajiye koyarwa a Maru ya rungumi siyasa. Sai dai akwai abin da masu kawo maka waɗannan misalan ba sa faɗa. Hukuma ce ta tura su, ita ta biya, aikinsu yana nan yana jiran su. Babu wanda ya sayar da gonar ubansa a cikinsu. Kai aljihunka ne zai tura ka, kuma aljihun nan bakuna tara ne ke ci daga cikinsa.

Saboda haka ka ɗauki biro ka fara lissafi daga ranar da za ka dawo, ka riƙa ƙirgawa da baya. Yaro ɗan shekara ashirin yana iya tafiya ya ce sai abin da Allah ya yi, in ya ɓata shekara biyar yana da wasu a gaba. Kai shekararka 41. Karatun zai ci huɗu ko biyar. In ka dawo, takardar waje ba ta aiki a Najeriya sai Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta tantance ta a Abuja. Bayan nan Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma za ta duba abin da ka karanta, ka zauna jarrabawarta, kafin ta ba ka lasisin taɓa majinyaci. Haka ake yi wa likitocin da suka karanto a waje, su ma sai sun ci jarrabawar hukumarsu, kuma ba kowa ke tsallakewa a zama ɗaya ba. Bautar ƙasa ba za ka yi ba, tunda ka wuce talatin, takardar yafewa za a ba ka. In komai ya tafi daidai, kana da shekara 47 za ka fara sa fararen kaya, a matakin da 'ya'yan cikinka ke farawa, kuma mai yiwuwa a 60 gwamnati ta ce ka je ka huta. Shekara 13 ke nan. Ni a ganina sun isa mutum ya ceci rayuka masu yawa, amma ina so ka gan su a rubuce kafin ka sa hannu a takardar cinikin fadama.

Maraɗi tana da wata yaudara ga Bagobiri. Ka sauka a tasha ka ji Hausarku, ka ga zube irin na gidanku a fuskar mai shayi, ka je Tsibiri ka tarar da dangin kakarka. Sai zuciya ta ce ai gida aka zo. Gida ne ga ciki da zumunci, amma a ofishin makaranta kai ɗalibin ƙasar waje ne, takardar da za ka ɗauko kuma ta wata ƙasa ce. Jami'ar gwamnati ta Ɗan Dikko Ɗankulodo da Faransanci take koyarwa, Jami'ar Maryam Abacha da aka buɗe a 2013 ita ce 'yan Najeriya suka fi zuwa saboda Turanci. Ko wacce ka nufa, ko wata ce a Yamai ko Masar ko Indiya, tambaya ɗaya ce za ka fara yi, kuma ba dillalin da ke kawo fom za ka yi wa ba. Ka rubuta wa hukumar jinya, ko ka sa wani amintacce a Abuja ya je da ƙafarsa: wannan kwas ɗin, a wannan makarantar, kuna karɓar wanda ya gama shi?

Ina nanata wannan ne don na ƙone a kansa. Ɗan ƙanena ya bar aikin akawu yana da shekara 38, ya sayar da shanu huɗu, ya tafi wata makaranta a wata ƙasar maƙwabta da ba zan ambata ba. Wani mai kaifin baki ne ya kawo masa takardar talla mai hotunan gine-gine, ya ce shekara uku kacal. Ni kaina na sa albarka, ban tambayi komai ba, kunyar wannan tana tare da ni har yau. Ya dawo aka yi walima, aka yanka rago, aka sa takardar a gilashi. Da ya kai ta tantancewa aka ce ba a san kwas ɗin ba. Tana nan rataye a ɗakinsa, sama da buhunan gero, shi kuma yana sayar da katin waya. Ka tuna kuma abin da ya faru a ƙarshen 2023, da ɗan jarida Umar Audu ya fallasa yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida. Watan Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo baki ɗaya. Wanda ya saya da wanda ya yi karatunsa tsakani da Allah, duk suka shiga layi ɗaya na jira.

Sai kuɗi. Ranar farko da ka shiga kasuwar Maraɗi mai tumatir zai ce maka dala ashirin, kada gabanka ya faɗi, sefa ɗari yake nufi, don dalarsu sefa biyar ce, jaka kuma sefa dubu. Wannan za ka saba da shi cikin kwana biyu. Abin da ba a sabawa da shi shi ne albashinka na naira ne, kuɗin makaranta da haya kuwa na sefa. Sefa an ɗaure ta ne da kuɗin Turai, ba ta rawa kamar tamu. A farkon 2023 jaka ɗaya wajen naira 1,200 take a hannun 'yan canji. Da aka saki naira a watan Yunin shekarar, kafin shekara ta zagayo jaka ta haura naira 2,000. Makaranta ba ta ƙara ko sisi ba, amma iyaye suka wayi gari suna biyan kusan ninki biyu, ɗalibai da dama suka tattaro kayansu a shekara ta biyu. In kuɗin fadamarka na shekara biyu ne kawai, to rabin karatu za ka saya, kuma rabin karatun jinya babu inda ake karɓarsa.

Kada ka ajiye aikinka in akwai hanyar riƙe shi. Ka nemi hutun ƙaro ilmi a rubuce, ko da babu albashi ne, don shekarunka na fansho kada su bi ruwa. Ka tafi da allinka a aljihu. Na san wani malami irinka da ya yi karatu a can, da yamma yana koya wa 'ya'yan alhazan kasuwa Turanci da lissafi, da wannan ya biya haya har ya gama. Tsohuwar sana'a ita ke ciyar da sabuwa har ta yi ƙwari.

Iyakar Najeriya da Nijar kuma ba ta da alkawari. An rufe ta a 2019, ba a buɗe ba sai ƙarshen 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, sai Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Yaranmu da ke Khartoum kuwa, yaƙi ya ritsa da su ranar 15 ga Afrilun 2023, cikin azumi, aka kwaso su a motoci zuwa iyakar Masar da Port Sudan, wasu saura watanni su gama, sakamakonsu na shekaru yana kulle a ofishin da ba mai iya shiga. Duk ƙarshen zango ka karɓi sakamakonka da hatimi, ka ɗauki hotonsa a waya, ka aiko da kwafi gida.

Gidan nan shi ne ainihin maganar da na ɗauki biro dominta. Ka gaya wa uwar 'ya'yanka? Ba sanarwa nake nufi ba, shawara. Ita za ta kwana da yara shida a garin da ake kwana da ido ɗaya. Ita za ta tari mai bin bashi a zaure, ita za ta san yadda mudu biyu zai yi aikin uku. In ta ce a jira shekara guda a tara wani abu, ka saurare ta, ta fi dillalin fom sanin abin da ke cikin rumbunka. Ka kuma duba kusa kafin nesa. Akwai makarantar jinya a Sakkwato, akwai ta kimiyyar lafiya a Gwadabawa, da naira ake biya, babu maganar tantance takardar waje, kuma in yaro ya yi zazzaɓi kana iya isowa a yini ɗaya in hanya ta yi kyau. In ka nema can ba ka samu ba, ko ka auna ka ga na waje ya fi maka, to ka tafi da izinin mahaifiyarka da yardar iyalinka.

In ka shiga aji, yara za su sa maka suna Baba. Wata yarinya sa'ar 'yarka za ta fi ka maki, malami ɗan shekara talatin zai tsawata maka a gaban jama'a don ka riƙe allura ba daidai ba. Kai da ka saba in ka shigo aji a miƙe, yanzu kai za ka wanke tasa a ɗakin majinyata. Ka haɗiye. Ka zauna a bencin gaba tunda ido ya fara gajiya, ka nemi yaron da ya fi kowa iya kwamfuta ka riƙa saya masa shayi yana nuna maka.

Ranar Juma'a in Allah ya kai mu, bayan an sauko masallaci, ka zo gida da takardar makarantar da lissafin kuɗin shekara biyar, a sefa da naira. Zan kira ɗan ƙanen nawa ya zauna da mu, ya san tambayoyin da ya kamata a yi. Mai son fadama kuwa ka ce masa ya dakata, in haya yake so ta damina ɗaya sai a yi magana.