Faɗuwar Wani, Tashin Wani?

Karatu: Nehemiya 5:1-13

Sa'ad da ake sake gina garun Urushalima, yunwa ta sa talakawan Yahuda suka jinginar da gonakinsu da gidajensu domin su sami hatsi, waɗansu kuma suka ci bashi don biyan harajin sarki. Masu karɓar jinginar kuwa 'yan'uwansu ne, manyan gari da shugabanni.

Irin wannan kuka ya tashi a Amurka a wannan zamani. Kafin 2007, bankuna sun yi ta ba masu ƙaramin ƙarfi rancen sayen gida, da kuɗin ruwa mai sauƙi da fari, wanda yake hauhawa bayan shekara biyu ko uku. Sukan tattara basussukan su sayar wa masu zuba jari, saboda haka mai ba da rancen bai damu ba ko za a iya biya. Da farashin gidaje ya faɗi, iyalai da yawa suka tarar bashin da ke kansu ya fi darajar gidan. A 2010 kaɗai, bankuna sun ƙwace gidaje fiye da miliyan 1.

To, wa ya ci riba? Kamfanin John Paulson, wanda ya zuba kuɗi a kan cewa basussukan nan za su lalace, ya sami kimanin dala biliyan 15 a 2007. A 2008 majalisar dokokin ƙasar ta amince da dala biliyan 700 domin ceton bankuna. Daga 2012 kuma, kamfanin Blackstone ya sayi gidaje kusan 50,000 da araha, ya mai da su na haya. Dukiyar ba ta ɓace ba, hannu ta sauya.

Hausawa sukan ce faɗuwar wani tashin wani, amma Nehemiya bai yarda da wannan a tsakanin jama'ar Allah ba. Ya husata ƙwarai, ya tara babban taro, ya umarci manyan su mayar da gonaki da gidaje a ranar nan, ya kuma rantsar da su a gaban firistoci. Abin lura shi ne, shi kansa yana cikin masu ba da rance, da kansa kuma ya fara gyara.

Gwajin nan yakan zo wa mai bi har ƙofar gida. Ɗan'uwa a ikkilisiya yana iya sa filinsa ko gidansa a kasuwa saboda kuɗin asibiti ko bashin da ya sha kansa. Wanda ya karya farashi don ya ga mai kaya a matse, ko da dokar ƙasa ba ta kama shi ba, ya ci amanar zumunta a gaban Ubangiji. Abin da ya kamaci Kirista shi ne ya biya daidai darajar abu, ko ya ba da rance da sauƙi har ɗan'uwan ya farfaɗo. Iyali kuma kada su sa hannu a takardar jingina sai miji da mata sun zauna tare, sun gane kuɗin ruwan da abin da zai biyo baya in an kasa biya.

Ubangiji ya ba ikkilisiyarsa zuciya irin ta Nehemiya. Amin.