Karamcin da ake biya

A ƙasar Adar, kamar sauran ƙasar Hausa, akwai abu biyu da tun kaka da kakanni ba a haɗa su a tabarma ɗaya: baƙunci da ciniki. Baƙon da ya sauka a Karofane, cikin gundumar Buza, ana tarbarsa da ruwa, a dama masa fura, in dare ya yi a kawo tuwon hatsi da miyar kuka ko ta kuɓewa. Idan ya gama ya sa hannu aljihu yana tambayar nawa ne, to ya ci mutuncin mai gida. Sayar da abinci kuwa sana'a ce sananniya, ga masu tuwo ranar kasuwa, ga mai tsire, ga mai shayi a bakin tasha, amma babu wanda ke cewa mai tuwo ta karrama shi don ta zuba masa na kuɗinsa. Manyan gidajen cin abinci na birane su ne suka ɗaura wa waɗannan abubuwa biyu aure, suna sayar da tarba da girmamawa tare da abincin.

Mutanen karkara ba su rasa sanin irin waɗannan wurare ba. Malamin lakkol, ko magajin gari, ko shugabar ƙungiyar mata, akan gayyace su taron ƙara wa juna sani a Yamai, tafiyar fiye da kilomita 500, su tarar da kansu a ɗakin cin abinci na otel irin su Gaweye da ke bakin kogi, ko Radisson Blu da aka buɗe a 2019 gab da taron ƙolin Tarayyar Afirka. Tun daga ƙofa ake jin an shiga wata duniya. Zafin waje ya yanke, fitilu sun yi laushi, kiɗa na tashi ƙasa-ƙasa yadda ba zai hana zance ba. An lulluɓe tebur da farin ƙyalle, an jera cokula da wuƙaƙe da kofuna fiye da abin da hannu biyu ke bukata. Wani saurayi tsaf-tsaf ya ja kujera, ya miƙo takardar jerin abinci da Faransanci, ya koma gefe yana jira. Abincin ma ba ya zuwa gaba ɗaya: a fara da ɗan ganye ko romo, sannan gasasshen giwan ruwa ko tsokar sa, a rufe da kayan zaƙi, kowane da farantinsa, kowa da nasa.

Wannan tsari yana da mafari. A birnin Paris na ƙasar Faransa, cikin shekarun 1760, kalmar da ake kiran gidajen da ita a yau sunan wani romo ne da aka ce yana maido da ƙarfin jiki. Masu sayar da shi suka zo da sabon abu: mutum ya zauna a teburinsa shi kaɗai, a lokacin da ya ga dama, ya zaɓi abin da ransa ke so, farashi a rubuce. Kafin nan matafiyi kan zauna ne a dogon tebur tare da duk wanda ya tarar, ya ci abin da aka dafa a ranar. Tun asalinsa ke nan, gidan cin abinci wuri ne na keɓewa a tsakiyar jama'a.

A nan ne ya yi karo da tarbiyyar Bahaushe. Dattijo ba ya ci a kan hanya, suruki ba ya ci gaban surukinsa, amarya takan yi kwanaki tana ɓoye cinta. Malaman fiƙihun Malikiyya ma sun lissafa ci a kasuwa cikin abubuwan da ke rage kamalar mutum, har ya iya taɓa karɓar shaidarsa in ba ɗan kasuwar ba ne. A babban otel kuwa ganin mutum yana ci shi ne ke ƙara masa daraja, har wasu sukan ɗauki hoton farantin su tura wa ƴan'uwa ta salula kafin su kai loma baki.

Abu ne mai sauƙi a yanke hukunci a ce duk murmushin da ke cikin ɗakin na ƙarya ne, tunda kuɗi suka saye shi. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma mutanen Madawa, da suka yi suna wajen saƙar tabarmi, sun san ita tabarma tana da farashi, fuska kuwa ba a kai ta kasuwa. Amma hukuncin ya yi gaggawa. Saurayin da ke hidima, wanda sau da yawa ɗan cirani ne da ya baro gonar ubansa, sana'a yake yi, kuma ladabin sana'a ba munafunci ba ne, kamar yadda tausasawar wanzami ga wanda yake yi wa aski ba yaudara ba ce. Ban da haka, wannan karamci na saye yana da wani adalci da na gida ya rasa. A zauren ƙauye an san wanda ke zama kan buzu da wanda ke tsugunawa a bakin ƙofa, an san wanda ake tuna masa asalinsa ko sana'ar kakansa, an kuma san cewa matar da ta sha hayaƙin murhu ita ce ke ci a ƙarshe. A otel ba a tambayar ɗan wane ne. Malamar da ta fito daga Kaita za a ja mata kujera kamar yadda aka ja wa minista, kuma mai yiwuwa ranar ce ta farko da wani namiji ya tsaya yana zuba mata ruwa. Wanda bai taɓa zama a bakin ƙofa ba ne kawai zai raina wannan.

Inda hasarar take shi ne cikin ƴar takardar da ake kawowa a ƙarshe. Abincin baƙunci bashi ne da ba a so a biya shi nan take. Wanda ya ci tuwon gidan wani ya ɗauki nauyi, wata rana shi ma zai sauki mai gidan ko ɗansa, kuma da irin wannan nauyi ne ake ɗinke dangi da maƙwabta. Ciyayya ma haka take: kwano ya fita daga wannan gida ya shiga wancan, ba ya dawowa wayam. Takardar kuɗi kuwa tana yanke igiyar tun ba a ƙulla ta ba. An ci, an biya, an yi sallama, babu wanda ke bin wani. Ga mai gudun gori wannan ƴanci ne, sai dai ƴanci ne da ke barin mutum shi kaɗai.

Sai kuma maganar bismillah. A Karofane ba a ci gaban mai wucewa ba tare da an yi masa tayi ba, ko da an san zai ce alhamdu lillahi ya wuce. Ragowa ma tana da masu ita: yara, almajiri, tsohuwar da ba ta da mai dafa mata. Babban gidan cin abinci an gina shi ne yadda mai yunwa ba zai kai ga idon mai ci ba. Aikin katanga da mai gadi da labule ke nan. Wani ɓangare na kuɗin da ake biya, in aka duba da kyau, na wannan kwanciyar hankali ne. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira ya kushe walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta, kuma ko da yake otel ba walima ba ne, ma'anar ba ta yi nisa da shi ba.

Ba abin mamaki ba ne in malamin ƙauye ya ga farashi ya shiga juya shi zuwa tiyar hatsi a zuci. Yankin da ya fito ya ga yunwar 1984, shekarar da aka soma aikin farfaɗo da ƙasa na Kaita, inda mata suka yi ta dakon duwatsu ana biyansu da abinci. Ya kuma ga ta 2005. Albasar da aka yanka siriri aka ƙawata farantinsa da ita, wataƙila daga Galmi ko kwarin Tarka ta fito, daga hannun manomin da ya sayar da buhu da araha a lokacin girbi saboda bashi ya matsa masa. Nauyin ya fi yawa idan taron da ya kawo shi kan ƙarancin abinci ne. Jin daɗin abinci mai kyau ba laifi ba ne, kuma ƙin ci ba ya ƙara wa manomin ko dala. Abin tsoro shi ne sabo, ranar da lissafin tiya zai daina zuwa zuciya.

Duk da haka, tarbiyyar gida takan bi mutane har cikin ɗakin mai sanyi. Ana ganin ƴan kasuwar Adar biyu suna jayayya kan wanda zai biya, kowa na riƙe hannun ɗan'uwansa, domin wanda ya biya shi ya zama mai masauki, ɗayan kuma ya koma baƙo mai nauyi a kansa. Ana ganin faranti huɗu da aka kawo daban-daban an tura su tsakiyar tebur, hannuwa na haɗuwa a ciki. Akwai kuma dattijon da, bayan ya ƙoshi, zai kira saurayin ya tambaye shi mutumin ina ne, su gaisa da harshen gida, sannan ya ce a ƙunshe masa ragowar naman, direba da mai gadi suna waje.