Kuzari Ne Ko Rawar Kai?

Ranar da aka ba da hutu, 'yata ta dawo da katin sakamako, malamarta ta rubuta mata kalma ɗaya da Turanci, lively. Gwaggonta ta ce in fassara mata. Na ce, "Wai tana da kuzari." Sai ta taɓe baki ta ce, "Kayya, ki dai faɗi gaskiya, rawar kai ke nan." Yarinyar nan tana jin mu. Wallahi yinin ranar ban ƙara jin dariyarta ba.

Abin ya tsaya mini a rai, da dare na ɗauko babban ƙamus na maigida. Ashe lively daga life take, wato rai. Energy asalinta Girkanci ce, ma'anarta kasancewa cikin aiki. Spirited kuwa daga kalmar Latin ta numfashi aka samo ta. Akwai ma vivacious, ita ma tushenta rayuwa ne, kuma mace Turawa suka fi yabawa da ita. Rai, aiki, numfashi. To ina abin zagi a nan?

Mu ma ai muna da namu: kuzari, karsashi, kazar-kazar, zafin nama, himma. Amma ku lura da yadda muke rabon su. In yaro ya cika tsalle-tsalle da tambaya sai a ce zafin nama gare shi. In yarinya ce, a ce rawar kai. Hali ɗaya, suna biyu.

Ban ce babu rawar kai ba, akwai ta. Bambancin shi ne, mai kuzari ta san inda ta dosa, mai rawar kai kuwa motsi take ba alƙibla. Kunya ado ce, amma kunya daban, sanyin jiki daban.

Abin mamaki, mu ɗin nan da muke kashe wa yarinya gwiwa tana da shekara 10, mu ne in ta yi aure za mu ce ba ta da kataɓus, kullum kamar kazar da ƙwai ya fashe wa a ciki. Haba 'yan uwana mata! Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne. Amma tanƙwarawa aka ce, ba karyawa ba.

Da safe na kira 'yar tawa na ce, "Malamarku cewa ta yi kina da rai. Ki riƙe shi, ki haɗa da natsuwa."

Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.