Haƙƙin Mace Mai Naƙuda A Kan Mijinta

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci ɗan Adam a cikin mahaifa, tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Akwai wata al'ada da har yanzu ba ta mutu ba a cikin jama'a, watau mace ta kwana biyu ko uku tana naƙuda a ɗaka, ana ba ta rubutu da jiƙe-jiƙe, a ce ba a fita da ita sai maigida ya yi izni, shi kuwa yana kasuwa ko ya tafi ci-rani. In an yi maganar asibiti sai a ce ai haihuwa ta Allah ce. Lalle ta Allah ce, amma wannan magana ba ta sauke wa kowa nauyin da shari'a ta ɗora masa.

A cikin Suratu Maryam, Allah Ya ba da labarin naƙudar Nana Maryamu, yadda wuya ta kai ta ga burin mutuwa. Duk da darajarta, an umurce ta ta girgiza dabino kafin 'ya'yansa su zubo mata, alhali Allah Mai iko ne Ya zubo su ba da girgiza ba. Malamai sun ɗauko daga nan cewa riƙon sababi ba ya warware tawakkali. Abu Dawuda da Tirmizi kuma sun ruwaito daga Usamatu ɗan Shariku cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya umurci bayin Allah da neman magani.

A mazhabar Malikiyya, Shaihu Halilu ya lissafa ladan ungozoma a cikin abin da ya wajaba a kan miji, a babin ciyarwa. Wani almajiri zai ce ai a babin nan ne aka ce kuɗin magani ba ya kan miji. Haka ne, amma haihuwa an ware ta, domin ɗan nasa ne. To, in ungozoma ta gaza, wanda aka ɗora wa ladanta ba shi da hujjar riƙe kuɗin mota.

Likitoci sun bayyana abin da doguwar naƙuda ke haifarwa. Kan jariri yakan danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa, ya matse shi a jikin ƙashin ƙugu, jini ya daina isa gare shi, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya ɓule. Wannan shi ne yoyon fitsari. Galibi jaririn ma ba ya rayuwa. Yankan gishiri da wasu ungozomomi ke yi da aska shi ma yakan jawo shi. Yarinya mai haihuwar fari ta fi shiga hatsari, ga ƙugu bai gama buɗewa ba, ga kunya ta hana ta faɗin abin da take ji.

Asibitocin da aka keɓe don wannan aiki suna nan. Akwai Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha a Sakkwato, da na Turai 'Yar'aduwa a Katsina. A Babbar Ruga ta Katsina kuwa, inda da asibitin kutare ne, wani likita ɗan ƙasar Holan, Dokta Kees Waaldijk, ya fara ɗinke masu yoyon fitsari tun cikin shekarun 1980, mata dubbai suka warke.

Babban uzurin magidanta shi ne likita namiji. Kishi abin yabo ne a wurinsa. Sai dai malaman fiƙihu sun halatta wa likita duban wurin ciwo gwargwadon larura idan babu mace, domin tsare rai yana gaba da tsare al'aura. Abin mamaki, sau da yawa mai wannan ƙorafi shi ne ya cire 'yarsa daga makaranta. Imamu Gazali ya ce ilmin likita farilla ce ta kifaya, in gari ya rasa mai shi duk sun yi laifi. Rufaida Ba'aslamiya tana da hema a masallacin Madina inda take jinyar masu rauni, a nan aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙu.

Saura wadda ciwon ya riga ya sama. Sau da yawa akan sake ta, a mai da ita gidan iyayenta, ita kuma ta bar salla don tana ganin ba ta da tsarki. Mijin da ya jinkirta ta ba shi da fuskar gudun ta. Salla kuwa ba ta faɗi a kanta ba. Fitsarin da ke zuba ba tsayawa ba ya warware alwala a wurin Malikawa, sai dai an so ta sabunta ta a kowace salla, kamar yadda mai Risala ya faɗa. Ta yi ƙunzugu mai tsabta ta yi sallarta, danginta kuma su kai ta inda ake ɗinki.