Wanda Ya Haɗa Dodo da Dodon da Aka Haɗa: Wa Za a Fara Kamawa?

Wannan makon zan kawo muku labarin wani tsohon littafin Turawa, sannan mu tsaya a kan tambaya ɗaya da ke cikinsa. Idan mutum ya zama sanadin zuwan wani duniya, ya guje shi, shi kuma ya tashi ya zama annoba ga jama'a, wa za a fara kamawa? Wanda ya yi ɓarnar, ko wanda ya kawo shi ya yar?

Sunan littafin Frankenstein. Da yawanmu mun taɓa ganin hoton a talabijin: wani ƙato mai faffaɗan kai, ga ɗinki a goshi, ga ƙarfe a wuya. Wannan kamar daga wani fim da aka yi a Amurka a 1931 ta samo asali, kuma mutane da yawa sun ɗauka sunan dodon ke nan. A'a. Frankenstein sunan wanda ya haɗa shi ne. Shi dodon ba shi da suna daga farkon littafin har ƙarshensa, don wanda ya yi shi bai tsaya ya raɗa masa ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wadda ta rubuta littafin wata 'yar Ingila ce, Mary Shelley, da aka haifa a 1797. Mahaifiyarta ta rasu kwanaki kaɗan da haihuwarta. Ita ma a 1815 ta haifi 'ya bakwaini, jaririyar ba ta cika wata guda ba ta koma. A 1816 tana bakin tafkin Jeneba a ƙasar Suwizalan tare da wasu marubuta, ciki har da mawaƙin nan Lord Byron. Bazarar shekarar ta zo da sanyi da ruwa ba ƙaƙƙautawa, saboda tokar da dutsen Tambora na Indonesiya ya watsa sama a 1815 ta rage zafin rana har a Turai. Zaman ɗaki ya ishe su, sai Byron ya ce kowa ya rubuta labarin ban tsoro. Tana da shekara 18 a lokacin. Littafin ya fito a Landan a 1818, ba tare da sunanta a jiki ba. Turawa na sa shi cikin irin littattafan da suke kira gotik, wato labaran duhu da maƙabarta da abin da ke sa tsikar jiki ta tashi.

Kafin wani ya ce mene ne haɗinmu da wannan, mu share fage. Labarin ƙage ne. Rai na Allah ne, ba wanda ya isa ya busa shi, kuma littafin ma bai faɗi yadda aka yi ba. Amma ai gizo da ƙoƙi ma ƙage ne, kuma da su aka koya mana wayo da illar haɗama.

Victor Frankenstein ɗan manyan mutane ne a Jeneba. Aka tura shi jami'a a garin Ingolstadt na ƙasar Jamus, ya nutse cikin binciken yadda jiki ke rayuwa da yadda yake ruɓewa, har ya yi imani ya gano sirrin rai. Ya shiga tara ƙasusuwa da sassan jiki daga wuraren ajiye matattu, da ɗakin fiɗar gawa, da kwata. Kusan shekara biyu yana wannan aiki a ɓoye, ya rame, ya daina rubuta wa gida wasiƙa. Ya yi halittar tasa ƙato, tsawon ƙafa 8, don wai ƙananan gaɓoɓi za su ɓata masa lokaci. A ransa yana hango wata sabuwar al'umma da za ta riƙa gode masa kamar uba.

Wani dare a watan Nuwamba abin ya buɗe ido ya yi numfashi. Victor ya dube shi, ya ga muni, ya fice da gudu. Can cikin dare halittar ta zo bakin gadonsa, ta miƙo masa hannu, yana ganin haka ya sake arcewa, ya kwana a tsakar gida. Da safe da ya koma ɗakin ya tarar ba kowa, har tafi ya yi don murna.

To a nan ne nake so mu dakata. In aka tambayi mutane laifin Victor, yawanci cewa za su yi girman kai, ya shiga hurumin da ba nasa ba. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramin laifi ba ne. Sai dai wannan laifin ya yi mana nisa, don ba wanda zai aikata irinsa a cikinmu, shi ya sa yake da daɗin tsinewa. Laifi na biyu shi ne na kusa da mu. Ya yi shekara biyu yana shirin ranar da abin zai rayu, bai yi ko awa ɗaya yana tunanin washegari ba. Me zai ci? Ina zai kwana? Wa zai koya masa magana? Ranar da Victor ya ɗauka aiki ya ƙare, ranar ce aikin ya fara.

Yanzu mu bi halittar. Ta shiga daji ba ta san zafi ba, ba ta san sanyi ba. Ta tsinci wuta, ta ji daɗin ɗumi, ta cusa hannu ta ƙone. Ta shiga wani ƙauye, aka bi ta da jifa. Daga nan ta laɓe a wata 'yar rumfa jikin gidan wasu talakawa, wani tsoho makaho mai suna De Lacey da ɗansa Felix da 'yarsa Agatha. Ta wata 'yar kafa take leƙensu, wata da watanni, har ta koyi magana da karatu. Da farko tana satar abincinsu. Da ta gane su ma da ƙyar suke ci, sai ta daina, ta koma cin 'ya'yan itace da saiwoyi. Da dare takan yo musu itacen girki ta ajiye a ƙofar gida, su wayi gari suna mamakin wa ke yi musu wannan alheri. Ku duba fa, wannan ita ce halittar da ake kira dodo, kuma ba wanda ya koya mata tausayi.

Ranar da ta yi ƙarfin halin bayyana kanta, ta jira sai da tsohon ya rage shi kaɗai. Makaho ya saurare ta, ya ji maganar mai hankali, ya yi alkawarin taimako. Suna cikin haka masu ido suka dawo, Felix ya rufe ta da duka da sanda, daga baya iyalin suka bar gidan gaba ɗaya. Bayan wannan ta tsamo wata yarinya daga ruwa tana shirin nutsewa, ladan da ta samu shi ne harsashi a kafaɗa. A duk rayuwarta mutumin da ya karɓe ta da mutunci makaho ne. Duk wanda ya taɓa zama baƙo a garin da ake yanke masa hukunci tun kafin ya buɗe baki, ya san ɗacin wannan.

Daga nan zuciyarta ta juya. Ta nufi Jeneba, ta haɗu da wani ƙaramin yaro, William, ƙanen Victor, ta shaƙe shi. Ta ɗauki ɗan hoton da ke rataye a wuyansa ta sa a aljihun wata 'yar aikin gidan, Justine, tana barci. Aka kama Justine, aka yi shari'a, aka yanke mata hukuncin kisa. Victor yana cikin kotun, zuciyarsa ta ba shi wanda ya yi kisan, amma bai fito da labarin ba, wai za a ce ya haukace. Gudu na biyu ke nan, kuma wannan karon ran wata marainiya ne ya biya.

Daga baya suka haɗu a kan ƙanƙarar tsaunuka kusa da Mont Blanc. Halittar ta zayyana masa duk abin da ya same ta, ta nemi abu ɗaya: ya yi mata abokiyar zama irinta, su tafi dazukan Kudancin Amurka, ba mai sake ganinsu. Victor ya yarda, ya tafi tsibiran Orkney a arewacin Sikotilan ya fara aikin, sannan tsoro ya kama shi kada su hayayyafa su addabi duniya, ya yayyaga abin da ya fara a kan idonta. Wataƙila a nan ya yi daidai. Amma bai ba ta wani abu a madadi ba, ko da zama na yini ɗaya ne. Ta kashe amininsa Henry Clerval. Ta kashe amaryarsa Elizabeth a daren aurensu. Baƙin ciki ya kashe mahaifinsa. Victor ya bi ta yana neman fansa har yankin ƙanƙara na can ƙarshen arewacin duniya, inda wani matuƙin jirgin ruwa, Robert Walton, ya tsince shi a galabaice. A jirgin ya ba da labarinsa, a nan ya mutu.

To, wa za a fara kamawa? Akwai masu cewa halittar ba ta da laifi ko kaɗan, duniya ce ta mayar da ita haka. Ban yarda ba. Halittar da ta iya daina satar abincin talaka don tausayi ta san daidai, ta san ba daidai ba. William bai jefe ta ba, Justine ko ganinta ba ta taɓa yi ba. Zaluncin da aka yi maka yana bayyana dalilin fushinka, amma ba ya halatta maka jinin wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Akwai kuma masu cewa Victor kuskure ɗaya ya yi, sauran ɓarnar ta dodo ce. Wannan ma ban yarda ba. A kowace mararraba yana da zaɓi: daren farko, ranar shari'ar Justine, ranar haɗuwa a kan tsauni. Duk lokacin da ya kira halittar shaiɗan ko mugun iri, sauke nauyi yake yi daga kansa, don dodo ba a renonsa, korarsa ake yi. A ganina kowannensu zai ɗauki kayansa. Kisan na halittar ne. Amma Victor za a fara tambaya, saboda shi ne mai ƙarfi da ilimi a ranar da ɗayan bai san komai ba, kuma shi ya fara juya baya.

Ba wanda zai haɗa mutum da ƙasusuwa a cikinmu. Amma kusan kowannenmu akwai wanda yake inda yake saboda shi. Akwai 'ya'yan da muka haifa a nan, muna fita kasuwa suna barci, mu dawo sun yi barci, sai ranar da aka ce yaro ya shiga wani hali mu ce ba mu san inda ya koyo ba. Akwai matar da aka auro daga gida aka ajiye a garin da ba ta jin yarensa, ba ta da kowa sai mijin da ya kawo ta. Akwai yaron shago da aka karɓo daga hannun iyayensa da alkawarin za a yaye shi da jari. Ya yi shekaru yana ɗaukar kaya yana kwana a shago, ranar da aka samu giɓi a ciniki ko ya fara taurin kai, sai a ce ya kama gabansa. Kunya ta hana shi komawa gida hannu rabbana, ya faɗa tasha. Bayan shekara biyu maigidan ya gan shi cikin 'yan shaye-shaye, ya girgiza kai ya ce daman yaron ba na kirki ba ne. Wa ya ɗauko shi daga garinsu? Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. In zama ya gagara, a mayar da shi hannun da aka karɓo shi, da haƙƙinsa cikakke, a gaban shaidu.

Matasa kuma, waɗanda aka yi wa irin wannan riƙon sakainar kashi, ku dubi yadda labarin ya ƙare. Walton ya shiga ɗakin da gawar Victor take, ya tarar da halittar a kanta tana kuka tana neman gafara. Ta gama da duk wanda ta yi niyya, ba ta samu sanyin zuciya ba, ta rage ita kaɗai fiye da da. Ta ce za ta je ta ƙone kanta, ta haye kan ƙanƙara ta ɓace cikin duhu. Ƙorafinka na iya zama gaskiya, ka kai shi inda za a saurara, gaban manya da shugabannin kasuwa. Kada ka sauke shi a kan wanda bai ci maka komai ba.

Na ce za mu dawo kan suna. Mu a al'adarmu ranar bakwai ake tara jama'a, a yanka rago, a raba goro, a faɗi sunan jariri kowa ya ji. Ma'anar taron ita ce uba ya tsaya gaban shaidu ya ce wannan nawa ne, na ɗauka. Victor bai taɓa faɗin haka ba, kuma daga nan komai ya lalace. Mu mun faɗa, rago ma ya shaida. Abin da ya rage shi ne yau bayan an sauko daga masallaci kowa ya ƙirga waɗanda suke inda suke saboda shi, ya tambayi kansa yaushe rabon da ya zauna ya ji ta bakinsu.

Allah Ya ba mu ikon sauke amanar da muka ɗauka, Ya shirya mana zuriya. Barkanmu da Juma'a.